Abin da Ake Faɗa wa Kunnen Hagu

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da yaran gida da na makaranta. Na san za ki ce me ya hana ni ɗaga waya in kira ki kamar sauran mutane. Ki yi haƙuri, labarin da ke bakina ya fi ƙarfin waya, kuma kin san ni da son abin da ake ninkewa a sa a ambulan.

Yaya, na je ganawar neman aikin ɗakin karatun nan da na gaya miki. Su uku ne a bayan tebur. Suka tambaye ni littafi nawa na karanta bara, na ce ban ƙirga ba, amma mai ba da hayar littattafai na layinmu ya ce na cinye masa shago, sai dai in koma farko. Suka yi ta dariya. Shugabar wurin, wata dattijuwa mai gilashi rataye a wuya, ta zaga da ni tsakanin kantoci. Ƙamshin tsohuwar takarda ya cika mini ƙirji, na ji kamar in cire takalmi. Sai dai sau biyu tana yi mini magana ta gefen hagu ban juya ba. Dole na gaya mata gaskiya, cewa tun hangum ɗin da na yi ina 'yar shekara tara, wannan kunnen na rataya ɗan kunne ne kawai. Ta ce teburin karɓar baƙi a tsakiyar zaure yake, mutane ta ko'ina suke ɓullowa, kuma a ɗakin karatu raɗa ake yi. In zan nemi na'urar da za ta taimaka mini, ta ce ba ta ga abin da zai hana su ɗauke ni ba. Za su kira nan da sati biyu.

Daga can asibitin kunne na wuce. Likitar ta sa ni a wani ɗan ɗaki kamar akwati, bangonsa duk soso, ta ce in danna maɓalli duk lokacin da na ji ƙara. Ta dama na yi ta dannawa. Da ta koma hagu sai na zauna ina kallonta ta gilashi, ita ma tana kallona. Ta ce jijiyar ta mutu murus, don haka na'urar da tsofaffi ke sawa, mai ƙara ƙarfin sauti, ba za ta yi mini komai ba. Saura biyu. Ɗaya 'yan biyu ce: ƙarama a bayan mataccen kunnen tana kwashe magana, ta aika wa 'yar'uwarta da ke cikin mai rai. Ɗayar kuma sai an yi tiyata an dasa ta a ƙashin bayan kunne. 'Yan biyun ana ba da su gwaji na wata guda, in ba su yi wa mutum ba ya mayar. Ki zaɓa mini, ke ce mai kai.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto, kada ki yi mini dariya. Kin san duk Lahadi da yamma Malam, mai gidana, yakan ɗauke ni a motar makarantar koyon tuƙin da yake aiki, mu zaga gari. A gida ba mai magana ba ne, in ya dawo daga koya wa mutane ribas da fakin bakinsa ya gaji. Amma a mota, Yaya, tun daga ƙofar gida har mu dawo magana yake yi. Ina ganin leɓɓansa ta wutsiyar ido, idonsa na kan titi, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ga shi yana hagu da ni, ga inji da iska sun cika mini kunnen dama, ba na jin komai sai gunguni. In ya dakata ya dube ni, sai in yi murmushi in ce "to". Shekara biyu ke nan. A littattafai akwai irin mazan nan masu nauyin baki, waɗanda ba sa iya faɗin abin da ke ransu sai sun kau da ido. Har na cika rabin wani littafin rubutu da abin da nake zaton yana gaya mini.

Ba zan faɗa masa zancen na'urar ba. Zan ɓoye ta cikin ɗankwali in ji da kunnena, sannan in amsa masa da jimla cikakkiya in ga yadda fuskarsa za ta yi.

Ki gaida yara, ki gaida Mama in kin je. Ki huta lafiya.

Ƙanwarki mai kewarki,
Auta

*

Auta,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaida ki. Ki yi haƙuri da jan biro, shi ne a hannuna, ina tsakiyar duba jarrabawar 'yan aji biyar.

Na yi murna da zancen aiki, Allah ya tabbatar. Wannan ne karo na farko da karance-karancenki za su yi miki rana, bayan duk girkin da suka ƙona mana a gida.

Ki ɗauki 'yan biyun. Ba a huda ƙashin mutum a kan abin da bai gwada ba. In sun yi miki, sauran ki bar mini, ni ce yayarki.

Sai dai akwai abin da ya tsaya mini a wuya. Mutum ya shekara biyu yana magana, ba ki taɓa ce masa "me ka ce?" ba? Ni ɗalibin da ya gyaɗa mini kai sau uku a jere na san bai gane komai ba, allo nake kiran sa. Kuma mijinki ya san kunnen nan ba ya aiki. A gabana Mama ta zaunar da shi ta gaya masa tun kafin a ɗaura, har ta ce masa in zai yi miki magana mai muhimmanci ya zago ta dama. Mai koya wa mutane duba madubi uku kafin su juya bai manta da wannan ba. Ban ce komai ba, tambaya kawai na yi.

Ki gaya masa kin samo na'ura. Ba a yi wa miji kwanton ɓauna, ko da da fure ne a hannu.

Sannan lambar wa kika rubuta wa masu ɗakin karatun? Na kira wayarki sau huɗu a satin nan ba ki ɗauka ba.

An buga ƙararrawa. Ki gaida mai gidan.

Yayarki

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Na samu takardarki, na gode. Lambarsa na ba su. Kin san in wayata ta yi ƙara ba na sanin ta ina take, sai in yi ta zaga ɗaki kamar kazar da ta rasa inda ta yi ƙwai, kafin in gano ta ta katse. Na ji tsoron kiran ya wuce ni, shi kuwa wayarsa kullum tana aljihun gaba.

Na karɓi 'yan biyun ranar Talata. Ba su kai ɗan yatsa ba, in na ɗaura ɗankwali ba mai cewa akwai su. Likitar ta gargaɗe ni cewa zan ji abin da ke hagu, amma ta dama zai shigo, ba zan san inda ya fito ba. Gaskiya ta faɗa. A hanyar gida wani mai keke ya kaɗa ƙararrawa, na kauce masa zuwa inda yake, muka kusa yin karo. Ya zage ni, ni kuwa dariya nake yi, don na ji zagin sarai. A ɗakin girki na gano ashe famfonmu yana ɗiga, ashe maƙwabciyarmu waƙa take yi in tana shanya. Kwana biyar ina yawo kamar wadda aka buɗe wa taga a gidan da ta daɗe a ciki. Ban bi shawararki ba, ban gaya masa ba.

Ranar Lahadi na sa koriyar rigata, na shafa turare. Na shiga mota na zauna. Ya tayar, ya duba madubi, ya hau titi, ya buɗe baki.

Kulocin motar ya fara da shi. Ya ce kulocin nan ya kusa cinyewa, ya gaya wa mai makarantar sau uku, mutumin nan kunnen ƙashi gare shi. Daga nan ya koma kan wata ɗalibarsa da ta faɗi gwaji sau huɗu, ya ce da jaki aka ba shi da tuni ya ci. Ya yi tsaki a kan wani mai babbar mota. Na ce a raina ba komai, a littafi ma ba a fara babi da tsakiyarsa.

Muna kaiwa shataletalen da ke gaban gidan waya sai ya ce, da muryar nan dai da ya yi zancen kuloci: "'Yan ɗakin karatun nan sun kira ranar Alhamis. Sun ce sun ɗauke ki, ki fara ran ɗaya ga wata. Na ce musu mun gode, amma ba za ki samu dama ba, hidimar gida ta yi miki yawa."

Ya kunna sigina, ya juya, sannan ya dube ni kamar yadda ya saba. Ya ce, "Kin yarda ko?"

Yaya, bakina ne ya riga ni. Na yi murmushi na ce "to".

Ya ce, "Madalla. Allah ya shaida na faɗa miki." Ya tsaya a wurin mai lemon sanyin nan ya sayo mini mai ruwan hoda, wanda nake so. Na shanye shi tas, ban san ɗanɗanonsa ba.

Wace hidimar gida? Ɗaki biyu ne da falo, mu biyu ne a ciki, kafin ƙarfe goma na safe na gama komai na zauna ina kallon labule. Kuma wannan "Allah ya shaida" ɗin, yadda ya fito daga bakinsa sumul, ba ranar ya fara faɗin sa ba. Na san motsin leɓɓan. A littafin rubutuna na sha fassara shi, kin san da me? Ba zan iya rubuta miki ba.

Duk da haka ina ganin akwai dalili. Ba a yanke wa mutum hukunci da shafi ɗaya. Kada ki gaya wa Mama.

Ki huta lafiya.

Auta

*

Auta,

Gaisuwa. Na karanta takardarki a tsaye, na sake karanta ta a zaune.

Gobe da sassafe ki sa takalmi ki tafi ɗakin karatun nan da ƙafarki. Ki ce wa dattijuwar kina son aikin, ki nuna mata na'urar, ki ba ta lambarki. Ba ranar Laraba ba, ba bayan kin gama jin dalili ba. Kujerar aiki ba ta jiran mai tunani.

Tunda kin buɗe wannan tukunyar, bari in zuba miki abin da ke cikin tawa. Kin tuna akwatin littattafanki na ƙarfe, wanda kika tara tun kina sakandare? Kin ce mini ya ɓace wajen tashi daga tsohon gida. Ni kuwa da na tambaye shi cewa ya yi ya bayar, ya cinye wuri, kuma da yardarki. Na yi shiru, na ɗauka kunya ce ta hana ki faɗa mini.

Wannan ƙarami ne. Bara da kika yi ɓari, Mama ta haɗa jakarta za ta zo ta yi wata guda tana jinyarki. Ya kira ta ya ce kun yi shawara ku biyu, kin ce ba sai ta zo ba. Kwana uku jakar nan tana bakin ƙofa ba ta kwance ta ba. Har yau in an ambaci lokacin sai ta ce, "Auta ta girma, ba ta bukatar tsohuwa." Ke kuma kika rubuto mini kina kuka cewa Mama ta yi watsi da ke. Na ɗauka rigimarku ce ta uwa da 'ya, na ƙi shiga. Yanzu na gane a wane titi aka yi wannan shawarar.

Ba babi ba ne wannan, rayuwarki ce. Ki tafi gobe.

Yayarki

*

Yayata,

Ina gaida ki. Ki zage ni in kin gama karantawa, na cancanta. Ban je ba.

Na sa takalmin, na kai har bakin titi, na dawo. Na ce in na je yanzu na tona kaina, ba zan ƙara jin abin da yake faɗa ba in ya ɗauka ba na ji. Na ce bari in ƙara Lahadi ɗaya, ɗaya ga wata da saura.

Lahadi ta biyu muka fita kamar kullum, muka wuce gadar sama. Sannan ya ce, "Ke mai karatu ce. Ni a aji uku na tsaya, wani ubangida ya koya mini tuƙi. In kika zauna cikin masu gilashin nan wata shida, za ki dawo gida ki dube ni ki ga direba." Muryarsa ta ɗan karye a kan kalmar ƙarshe. Yaya, ga shi nan, abin da na shekara biyu ina jira, ko da ba irin wanda na rubuta ba ne. Hannuna ya tashi zai taɓa nasa. Kafin ya kai sai ya ce, "Gara haka. Ba ki rasa ci ba, ba ki rasa sha ba. Ni dai na yi sa'ar mata, ba musu, ba ka-ce-na-ce." Ya dube ni. Na ce "to".

Satin nan gaba ɗaya ina juya maganar aji ukun nan kamar alewa a baki, ina tofar da sauran. Na yi ta tsara yadda zan rarrashe shi, shi da kansa ya ɗauke ni ya kai ni wurin aikin, ya tsaya a ƙofa yana ɗaga mini hannu. Har na zaɓi rigar da zai sa.

Lahadi ta uku, wato shekaranjiya. Kin san motar koyon tuƙi tana da birki biyu, ɗaya a ƙafar direba, ɗaya a gefen da malami ke zama don ya tsayar da ɗalibi in zai yi ɓarna. A wannan kujerar nake zama, kullum ina naɗe ƙafata don kada in taɓa shi. Muna kan titin bayan kasuwa ya ce, "Matar nan mai naci ta sake kira ranar Laraba. Wai ita lallai sai ta ji daga bakinki. Na ce mata ba ki da lafiya, ba kya iya waya, su ba wani. Kin ga an huta."

Ban san lokacin da na taka ba. Motar ta yi ƙara ta tsaya cak, ƙirjinsa ya bugi sitiyari, na bayanmu ya danna oda kamar zai tsaga titi.

Ya ce, "Ke! Kina hauka ne?"

Na ce, "Me ke damuna? Wace cuta ka ce musu ina da ita?"

Ya dube ni. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta zube haka ba. Ya gangara gefen titi, ya kashe mota, ya miƙo hannu ya ɗaga gefen ɗankwalina da yatsa ɗaya, kamar mai duba ƙarƙashin dutse.

"Tun yaushe?"

"Lahadi uku."

"Lahadi uku kina zaune kina yi mini leƙen asiri."

"Shekara biyu kana ɗaura mini magana a kunnen da ka san ya mutu. Akwatina fa? Mama fa?"

"Na faɗa miki. Duk na faɗa miki, kika ce to."

"Ka san ban ji ba!"

"To me ya sa kika ce to?"

Me zan ce? In ce na ɗauka kana gaya mini idanuna sun fi fitilun gari haske? Muka zauna motoci na wuce mu. Wani mai sayar da gogen gilashi ya leƙo, ya ga fuskokinmu, ya yi gaba.

Jiya Litinin na je ɗakin karatun. A teburin tsakiyar zaure akwai wata yarinya mai farin mayafi tana buga wa littattafai hatimi. Shugabar ta gane ni. Ta ce, "'Yata, sau uku muka kira. Na riƙe miki wurin nan kwana goma sha biyu, har abokan aikina suka fara yi mini gori." Na nuna mata na'urar. Ta sa gilashinta ta duba, ta ce kyakkyawa ce. Ta ce in bar lambata ko da wani abu zai taso baɗi. Ta raka ni har ƙofa tana gefen hagu da ni, na ji duk abin da ta faɗa, har da "kaico" ɗin da ta yi ƙasa-ƙasa, wanda ba ni ta yi wa ba.

Da na je ranar da kika ce, da ni ce ke riƙe da hatimin nan. Wannan ba shi ya yi mini ba.

Ranar Laraba ta sama gwajin zai ƙare. Likitar ta ce in zo ko dai in mayar, ko a yi mini nawa na dindindin. Aikin da na nemi na'urar dominsa ya tafi. Ban san me zan ce mata ba.

Ki yafe mini.

Auta

*

Zuwa ga Malama, yayar iyalina,

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kina lafiya tare da iyali, da fatan aiki yana tafiya daidai. Ni ba ma'abocin rubutu ba ne, a yi mini afuwar kuskure. Na ga ta wannan hanyar kuke magana da ƙanwarki, shi ya sa na biyo.

Na san an kawo miki ƙarata. Ina so ki ji nawa ɓangaren. Tun da na auri ƙanwarki ban taɓa ɗaga mata hannu ba, ban taɓa zagin ta ba, ban bar ta da yunwa ba. Kuma ban taɓa yanke wata shawara ban faɗa mata da bakina ba. Akwai mazan da ba sa faɗa ko kaɗan.

Ba zan ce ban san zancen kunnen ba. Na sani. Amma Malama, ki gwada zama da mutumin da in ka buɗe baki a falo sai ta ajiye littafi ta zuba maka ido, tana jiran ka faɗi irin abin da ke ciki. Ni ba ni da shi. Abin da nake da shi kuloci ne da taya da ɗalibai. In na faɗa sai in ga hasken fuskarta ya ragu, kamar na ba ta kyautar da ba ita ta roƙa ba. A mota kuwa kome na faɗa murmushi take yi. Da farko hira kawai nake yi. Daga baya na ga abin da zai kawo rigima a falo a mota ba ya kawowa. Ban ce daidai ne ba. Zancen Mama kam na yi kuskure, na ji nauyin a ga gidana a wannan halin, zan je in ba ta haƙuri.

Amma abin da ta yi mini shi ma ba daidai ba ne. Ta saurari abin da ban faɗa don a ji ba. Kuma taka birki a tsakiyar titi ganganci ne, da na bayanmu babbar mota ce da yanzu wani zancen ake yi.

Roƙona shi ne ki ba ta shawara ta mayar da abin nan, tunda aikin ya wuce. Kafin ya shigo gidan nan lafiya muke zaune. Yanzu ko tari na yi sai ta juyo. Na yi alkawarin duk wata magana mai muhimmanci zan zago ta dama in faɗa.

Na gode da saurarona. Allah ya ƙara girma.

Naki cikin ladabi,
Mijin ƙanwarki

*

Auta,

Gaisuwa. Ga takardar mijinki na haɗo miki, ki karanta da kanki. Ban ba shi amsa ba, ba ni ya kamata ya zago wa ta dama ba.

Na yi niyyar zagin ki kamar yadda kika nema, sai na kasa. Da nake karanta tasa na tuna wani abu. Lokacin ciwon Baba na ƙarshe kina 'yar sha uku, in za mu yi zancen abin da likita ya ce, ni da Mama mukan koma hagu da ke mu rage murya, ke kina kwance da littafi. Kin yi ta shirya masa abin da za ku yi in ya warke, mu mun san ba zai tashi ba. Mun ce tausayi ne. Wataƙila shi ma haka ya ce wa kansa. Ba a gidan miji aka fara yi miki wannan ba, ki yafe mana.

Na gaya wa Mama zancen jakarta. Ta yi kuka, ta ce a gaishe ki, ta ce a tambaye ki ko kina cin abinci.

Zancen na'ura ba zan zaɓa miki ba wannan karon. Akwai katifa a ɗakin yara, akwai makaranta kusa da tamu da ke neman mai kula da littattafai, kanta biyu ne kacal. Ban ce ki taho ba, ban ce ki zauna ba.

Yayarki

*

Yaya,

Sallama. Na je ranar Laraba, na ce a yi mini nawa. Likitar ta tambaye ni launi, mai kalar fata da ba a gani ko mai ruwan azurfa. Na ɗauki mai ruwan azurfa. Yanzu a bayan kunne nake ɗaura ɗankwali.

Jiya Lahadi ya ɗauki makulli ya tsaya a ƙofa, na bi shi. Muka zaga gari minti arba'in. Na ji makullai suna kaɗawa, na ji kujerarsa tana ƙara, na ji duk lokacin da ya haɗiyi yawu. Da muka dawo ƙofar gida ya kashe mota, ya juyo, ya buɗe baki. Idonsa ya sauka a kan kunnena. Ya rufe bakin, ya fita ya buɗe mini ƙofa.

Ki gaya wa Mama ina ci. Katifar kuma ki kakkaɓe ta, amma kada ki shimfiɗa tukuna. Zan ba shi Lahadi ɗaya, ba don in ji dalili ba, don in ga ko yana da abin da zai iya faɗa wa mai ji.

Ki huta lafiya.

Auta